Likkafanin Iya Dumbulwa

Los Angeles,
14 ga Fabrairu, 1978.

Zuwa ga ƙanena Surajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kuma karatun hadisin bai ƙarasa cinye maka ido ba. Malam kenan, na Madina. Ni ina nan ƙalau, sai kewar tuwo da take neman kashe ni. Ka gaishe min da Iya Dumbulwa, ka ce mata mijinta na Amurka yana nan bai manta da ita ba, ko da yake ban taɓa ganinta ba sai a bakin Kaka.

To, albishirinka. Na bar wankin kwanuka. Yanzu ina aiki da wani furodusa, sunansa Mista Clifton Maddox. Na san za ka ce mene ne furodusa. Shi ne uban tafiya a harkar fim: shi ke nemo labari, shi ke ɗaukar ma'aikata, shi ke korarsu, idan abu ya yi kyau a yabe shi, idan ya lalace a gudu a bar shi. Baƙi ne kamarmu, har ya fi ka. Ya fara ne da jan wayoyi a wani gidan talabijin a Chicago, ya yi ta hawa har ya shirya wani wasan barkwanci na shagon aski da aka yi shekara biyar ana kallo. A lokacin ko ina ya shiga sai an miƙe. Sai ya ɗebi duk abin da ya mallaka ya zuba a wani babban fim na silima, fim ɗin ya faɗi warwas. Abokai suka watse, matarsa ta tafi, ofishinsa ya dawo ɗaki biyu a saman shagon masu facin taya. Shekara biyu da suka wuce ya musulunta, yanzu Khalilu yake amsawa.

Abin da yake so shi ne ya yi fim a kan mutanenmu da suka taka da ƙafa daga ƙasar Hausa har Makka. Rannan muna cin abinci na ce masa ai ƙanwar kakarmu tana Madina, shekara bakwai ta yi a hanya. Wallahi Surajo, mutumin nan ajiye cokali ya yi ya miƙe tsaye. Ya ce ita yake nema tun da ya musulunta.

Zai iso wajenku cikin Afrilu, shi da mai kyamara guda. Ka tarbe shi, ka yi masa tafinta, ka kai shi unguwar Anbariyya wajen Iya. Don Allah kada ka ɗaure masa fuskar nan taka ta malamai. Idan wannan fim ya tashi, ya tashi da shi, ni ma ya tashi da ni. Na gaji da zama ba kowa ba a garin mutane.

Ka yi min addu'a a Raula, cikin masallacin Annabi. Sai na ji daga gare ka.

Yayanka,
Awwalu.

Anbariyya, Madina,
20 ga Jimada Ula, 1398, wato ƙarshen Afrilu.

Zuwa ga Yaya Awwalu,

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addini da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Na ba Khalilu ita ya kawo maka hannu da hannu, domin abin da ke cikinta ba na gidan waya ba ne. Idan ka karanta ka ƙona.

Baƙonka ya zo, kuma ban ɗaure masa fuska ba. Gaskiya mutum ne mai shiga rai. Ranar da ya fara ganin koriyar ƙubbar masallacin Annabi kuka ya yi kamar ƙaramin yaro, sai da na riƙe shi. Iya ta yi masa waina da miyar taushe, ya ci har yana lashe hannu, ita kuma tana yi masa tsiya wai wannan ɗan'uwa ne da ya ɓata ya manta Hausa.

Kwana uku aka yi ana ɗauka a tsakar gida. Ta ba da labarin tafiyar duka: yadda suka bar Ringim ita da mijinta Audi, yadda ya rasu a gonar auduga a Sudan, da yadda ɗanta Idrisa ya cika a cikin jirgin ruwa bayan sun bar Sawakin, aka sa shi a teku tana kallo. Ta buɗe akwatinta ta nuna masa likkafaninta, wanda ta wanke da ruwan Zamzam da hannunta, take fito da shi duk shekara ta shanya ta mayar. Ta ce ba ta da sauran buri a duniya sai a naɗe ta a ciki a kai ta Baƙi'a, maƙabartar da ke jikin masallacin Annabi. Ina fassarawa, shi yana share hawaye.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ka daina rubuta sunan Dumbulwa a takarda. A nan Hajja Zenabu ce. Iya ba ta taɓa samun iƙama ba, wato takardar izinin zama. Zenabu abokiyar tafiyarta ce, mutuniyar Chadi, ita ce mai takarda. Da ta rasu shekara ashirin da ɗaya da suka wuce ta bar 'yarta Fatna tana ƙarama, sai dattawan unguwa suka shirya: aka ce wadda ta mutu wata alhajiya ce marar takarda mai suna Dumbulwa, ita kuma Iya ta ɗauki takardar da sunan da yarinyar. Har yau Fatna Ummi take ce mata. Duk Hausawan layin nan sun sani, kuma ba a taɓa jin wanda ya furta ba.

A rana ta uku Khalilu ya ce ta faɗi sunanta. Tambaya ce kawai, don a rubuta. Sai ta dafa ƙirjinta, ta ce, "Ni ce Dumbulwa, matar Audi, 'yar Ringim. Sunana ya riga ni shiga Baƙi'a, ni nake jira in bi shi." Daga nan ta kwashe komai ta faɗa, kyamara tana juyawa. Fatna ta fito daga ɗakin girki tana cewa, "Ummi, uskuti," wato ta yi shiru, amma ina. Ban fassara masa ko kalma ɗaya daga wurin ba.

Da suka fita na ce, "Iya, me kika yi kenan?"

Ta ce, "Maigidana, shekara ashirin ba wanda ya kira ni da sunan da ubana ya yanka min rago. Kuma mutumin da ya ci wainata a garin Manzo ba zai cuce ni ba."

Bayan la'asar na tsayar da Khalilu a harabar masallaci. Na ce masa abin da ta faɗa sirri ne, idan ya fita za a raba ta da garin nan, don haka daga inda ta dafa ƙirji har inda ta yi kuka a yanke. Ya fuskanci ƙubba ya ɗaga hannu ya rantse. Na yarda da shi. Amma kai ne a wurin, kai ne kuma mai jin Hausa, don haka amana ce na ɗora a wuyanka.

Iya tana gaishe ka, ta ce ka aiko mata da hoto ta ga ko ka kai ta aura. Allah Ya tsare.

Ƙanenka,
Surajo.

Los Angeles,
9 ga Maris, 1979.

Malam Surajo,

Sallama da gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da su Iya da Fatna. Ka yi haƙuri, takardunka uku duk sun zo, aiki ne ya sha min kai. Wata shida muka yi a ɗakin haɗa fim, ɗaki ne ba taga, sai faifai rataye ko ina kamar shanyar kilishi.

An nuna shi, ƙanena. Ranar Lahadin da ta wuce, a babban gidan talabijin, daga wannan bakin ƙasa har wancan. Jaridu sun yi ta yabo. Wata mata ta bugo waya daga Detroit tana kuka, ta ce Iya kamar kakarta sak. Wayar ofishinmu da ta yi shekara uku kamar matacciya, yanzu sai mun cire ta kafin mu ci abinci. Mutanen da suke tsallake titi idan sun hango Khalilu, su ne suke aiko masa da furanni. Mun bar saman shagon masu faci. Kuma a ƙarshen fim, cikin jerin sunaye, akwai Awwalu Lurwanu Ringim, baƙi da fari. Na tsaya a gaban talabijin kamar wawa har rubutun ya wuce.

Batun wancan wurin da kake ta tambaya, an san yadda aka yi da shi. Kwantar da hankalinka, ka cika tsoro. Kofin fim ɗin da ka ce in aiko kuma, injinmu da naku ba iri ɗaya ba ne, ko na aiko ba zai yi ba.

Yanzu Khalilu babban abu ya sa a gaba, shiri mai kashi shida a kan aikin Hajji gaba ɗaya. Sai dai yana buƙatar izinin ɗauka, kuma ba a ba kowa. Ƙarshen shekara zai zo ya ga manya a can, ya nuna musu aikin da ya riga ya yi don su san ba ɗan wasa ba ne. Idan ya samu, da ni za a zo, ka ga sai in ci wainar nan da ake ta ba ni labari.

Ka gaishe da kowa. Allah Ya bar zumunci.

Naka,
Awwalu.

Anbariyya, Madina,
15 ga Rabi'ul Awwal, 1400.

Yaya Awwalu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka domin gaisuwa haƙƙi ce. Bayan haka.

Sun tafi da Iya. Yau kwana goma sha ɗaya.

Tana zaune a inda ta saba, gefen masallacin Anbariyya, da farantin dafaffiyar gyaɗarta, da hantsi. Mota ta tsaya, mutum biyu suka fito. Ka san tun da 'yan bindiga suka mamaye Harami a Makka farkon shekarar nan an tsananta binciken takardu, to ita ba ta damu ba, ta ciro iƙamarta ta miƙa kamar kullum. Ɗaya ya duba, ya kalle ta, ya ce, "Ya Hajja, Dumbulwa?" Mai shayin da ke wurin ne ya ba ni labari. Ta rufe farantin da mayafi, ta ce masa ya raba wa mutane kada ta lalace, ta shiga motar.

Na bi ta har Jidda, gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Kwana biyu ina tsaye a rana kafin a bar ni in gan ta ta bayan ragar ƙarfe. Tsohuwa mai shekara saba'in, zaune a kan siminti cikin mata fiye da ɗari. Abin da ta fara tambayata shi ne akwatinta. Na ce yana gida lafiya. Na roƙi kowa, na je wajen malamaina, na je wajen dattawan unguwar Ƙiblatain masu faɗa a ji. Kowa ya ce da rashin takarda ne kawai da an san yadda za a yi, amma zama da takardar mamaci, kuma da bakinta ta faɗa, babu mai sa hannu. Ranar Talata aka sa ta a jirgin Kano da kayan jikinta.

Ba ita kaɗai ba. An bi layin gida gida, an kwashi mutum tara. Fatna sau uku ana kiranta tambayoyi. Yanzu idan na yi sallama a unguwa, sai in ji an amsa ciki ciki ana kallon ƙasa. Fatna ta ajiye min akwatin a bakin ƙofa ta rufe.

Wani ma'aikaci ɗan Sudan da ya ji tausayina shi ya gaya min tushen abin. Ya ce wani Ba'amurke ya zo neman izini, ya nuna fim a wani ofishi, manya suna zaune suna shan gahawa. Aka ga tsohuwa ta dafa ƙirji tana magana, kuma a ƙasan hoton ga fassarar maganarta da Turanci, layi bayan layi, har da sunan unguwa.

Yaya, Khalilu ba ya jin Hausa. Ni ban fassara masa wurin nan ba. Na yi kwana goma sha ɗaya ina neman wani mai jin Hausa a ofishinku wanda ba kai ba, ban samu ba. Ina so ka rubuto ka ce min akwai. Ko ƙarya ce ka rubuto, in ga ko zan iya yarda.

Raina a ɓace yake, kuma ina jin kunyar shiga masallacin da na tsayar da mutum ya rantse a gabansa.

Wassalam.
Surajo.

Los Angeles,
2 ga Maris, 1980.

Surajo ƙanena,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, idan za ka karɓa.

Babu wani. Ni ne.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Da muka zo wurin a ɗakin haɗa fim, na ce masa nan ne aka ce a yanke. Ya ce ya sani. Amma ya yi ta mayar da faifan baya yana kallon fuskarta, ya fi sau ashirin. Ya ce bai san me take faɗa ba, amma duk fim ɗin a nan yake. Ya ce in gaya masa kawai, don ya san abin da zai zubar. Takardarka tana aljihuna a lokacin, ban ƙona ta ba. Na gaya masa.

Sannan ya ce kakannin kakanninsa da suna suka zo ƙasar nan, aka karɓe, har yau bai san ko mene ne ba. Ya ce ba zai zama mutum na biyu da zai binne sunan matar nan ba. Ya ce rantsuwar da ya yi ta kada ya cutar da ita ce, kuma wa ke kallon talabijin ɗin Amurka a Madina? Yana faɗa yana hawaye, kuma na yarda har zuciyarsa yake nufi. Amma na kuma san gidan talabijin sun ga fim ɗin ba wurin sun ce ba sa so, da aka mayar da shi suka karɓa. Duka biyun gaskiya ne. Ni na zauna na buga fassarar da yatsuna, har na gyara ta sau biyu don ta yi daɗi.

Da zai taho neman izini na raka shi filin jirgi, na ce ya tsallake wurin idan zai nuna. Ya ce in sha Allahu. Yanzu yana cewa su suka riƙe injin, ba shi ba. Ban sani ba. Izinin dai ya samu.

Da na karanta masa takardarka ya rufe ofis, kwana biyu bai fito ba. Rana ta uku ya kira ni ya ce yana so mu je Ringim da kyamara, a nuna wa duniya abin da aka yi mata, wai wataƙila hakan ya sa a mayar da ita. Har ya sa wa shirin suna. Na kalle shi, na rasa ko in mare shi ko in ɗauko littafin rubutu. Na ɗauko littafin.

Ban ajiye aikin ba. Gara ka ji daga bakina. Ina jin ƙyamar kaina, amma kullum da safe sai in ga na sa taye na tafi.

Ban ce ka yafe min ba. Ka dai gaya min halin da take ciki.

Yayanka, ko ba ka so,
Awwalu.

Ringim,
18 ga Mayu, 1980.

Zuwa ga maigidana Surajo,

Halimatu ƙanwarku ce take rubutawa, ni nake faɗa. Na ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara min baki.

Assalamu alaikum ya waladi. Ina gaishe ka, ina gaishe da Fatna, ka ce mata kada ta riƙe ka a zuciya, kuma ta riƙa shan maganin ƙirjinta. Ka gaishe da mai shayi. Idan ka shiga ka yi wa Manzo sallama, ka ce tsohuwar nan mai gyaɗa tana gaisuwa, ba da son ranta ta daina zuwa ba.

Ina nan gidanku, ana kula da ni, ba abin da na rasa. Sai dai ban san kowa ba. Duk wanda na tambaya sai a ce ya rasu. Rijiyar da na sani an cike ta, tsamiyar ƙofar gidanmu an sare. Yara suna taruwa kallona wai ga Balarabiya baƙa. Kowa Dumbulwa yake ce min, safe da yamma, ni kuma sai an kira sau uku kafin in waiga. Ka ga ikon Allah. Abin da na yi ta nema ne, ga shi an ba ni har ya ishe ni.

Sallah ce take ba ni wahala. A Madina kudu muke fuskanta, nan kuma gabas. Sai in tayar da kabbara, in ji Halimatu ta kama kafaɗata tana juya ni kamar makauniya.

Na ji an ce kun ɓata da yayanka. Khalas, ku bari. Ba wanda ya buɗe min baki, ni na buɗe. Baƙon nan kuma na bar shi da wainar da ya ci.

Takardarka ta zo, an karanta min, wai kana nema min bizar Umra cikin azumi, in dawo in ɓuya. Maigidana, ka daina. Wanda aka ɗauki hoton yatsunsa ba ya komawa, a gidan Jidda aka gaya mana. Ni na san Baƙi'a ta wuce ni. Na yi kukana na gama. Abu ɗaya nake roƙonka: ka aiko min da likkafanina. Yana ƙasan akwati cikin farin zane. Idan ƙasar ba ta samu ba, ko ruwan Zamzam ɗin ya taɓa jikina. Ka ba duk mai tahowa, kada ka jira.

Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka mata wadda ta fi ni iya waina, in akwai.

Matarka ta fari,
Dumbulwa.

Yaya Surajo, ni ce Halimatu. Ba ta ce in sa wannan ba. Ƙafafunta sun kumbura, abinci sai an yi da gaske. Kullum tana zaune a zaure tana tambaya ko an ga wani daga Madina. Don Allah ka hanzarta.

Anbariyya, Madina,
5 ga Shawwal, 1400.

Yaya Awwalu,

Assalamu alaikum, da gaisuwar Sallah.

Iya ta rasu ranar tara ga azumi. An binne ta a Ringim bayan an ɗauke ruwa, a cikin yadin da aka yanko a kasuwa.

Ban aika mata da likkafanin ba. Mutum uku suka tafi gida daga nan, kowanne na bar shi ya tafi hannu banza, domin wani ya yi min alkawarin biza, kuma na ga idan na aika kamar na yarda ba za ta dawo ba ne. Ta roƙe ni abu ɗaya, ban yi ba. Don haka ba ni da bakin zaginka kuma.

Jiya na kai likkafanin wajen masu wankan gawa. A ciki aka naɗe wata tsohuwa da aka tsinta ba takarda, ba wanda ya san sunanta. Na bi ta Baƙi'a har aka rufe, Fatna tana tsaye a bayan katanga.

Ka gaya wa Khalilu kada ya wahalar da kansa zuwa Ringim. Sunanta yana Baƙi'a, likkafaninta yana Baƙi'a. Ita ce kawai ba ta samu shiga ba.

Ka yi mata addu'a. Ka kira ta da sunanta.

Ƙanenka,
Surajo.